MADUGUN ZAMANI: AIKIN MAI SHIRYA TAFIYAR HUTU

Mutanen Adar ba baƙin hanya ba ne. Daga Takanamat zuwa Afala, daga Bambay zuwa Tebaram, da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa ko ƙane wanda ya taɓa zuwa biɗa Abijan, Ikko, Kamaru ko Libiya. Amma tafiyar biɗa daban, tafiyar kallo daban. Mai zuwa biɗa shi kaɗai yake fita, ya kwana inda dare ya same shi, in kuɗi sun ƙare ya yi dako ya ƙara gaba. Wanda ya ɗauki iyali ko ƴan makaranta domin su huta su buɗe ido, shi ba shi da wannan dama: kwanakinsa ƙidayayyu ne, kuɗinsa ma haka, ga kuma amanar ƴaƴan mutane bisa wuyansa. Domin irin wannan tafiya ce aka sami wata sana'a ta mai ba da shawara da shirya tafiya, wanda yake zaune cikin ofishin da muke kira ajans. Yau za mu duba abin da wannan mutum yake yi, da inda yake da amfani gare mu, da yadda ake gane na ƙwarai.

WURIN DA AKA GINA DOMIN WASA

Da farko sai mu san irin wurin da ake magana. A ƙasashen Turai, Amurka da Asiya akwai manyan filaye da aka kewaye, aka cika su da lilo iri-iri, da ƙananan jiragen ƙasa masu hawa da gangara, da gidajen wasan kwaikwayo, da wuraren cin abinci. Kowane sashe an ƙawata shi bisa wani labari: nan fadar sarauniyar tatsuniya, can garin makiyayan Amurka na da, gaba kaɗan kuma tafiya cikin taurari. Mutum yana biyan kuɗi a ƙofa, ya shiga ya wuni.

Wanda ya fi suna cikinsu shi ne Disneyland, wanda Walt Disney ya buɗe a jihar Kalifoniya ta Amurka ran 17 ga watan Yuli 1955. A 1971 kamfanin ya buɗe wani a jihar Fulorida, bisa fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 100, wato kamar faɗin birnin Pari kansa. Ran 12 ga watan Afrilu 1992 aka buɗe na Faransa, kilomita 32 gabas da Pari, kuma a 2002 aka ƙara masa fili na biyu. Mutane fiye da miliyan 10 ke shiga wannan na Faransa a shekara.

Wurin da ya kai haka girma, baƙo ba ya gane kansa cikin wuni guda. Akwai lilon da za ka tsaya layi fiye da awa ɗaya domin hawan minti uku. Iyali suna iya kashe kuɗin da suka shekara suna tarawa, su koma gida ba su ga komi ba sai ƙeyar mutane. Wannan shi ya sa a can wasu suka ƙware bisa wannan fanni kaɗai: ba su da wani aiki sai tsara wa iyalai yadda za su ci moriyar irin waɗannan wurare.

DAGA MADUGU ZUWA AJANS

Sana'ar tana da tsohon tushe a ƙasarmu. Zamanin da fatake ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja neman goro, ba a tashi sai da madugu. Shi ke sa ranar tashi, shi ya san zango da rijiya, shi ke shiryawa da sarakunan hanya bisa abin da ayari zai biya, in kuma ya ji labarin ƴan fashi a gaba, shi ke cewa a tsaya ko a sāke hanya. A ƙarƙashinsa akwai jagaba mai wucewa gaba. In an isa, fatoma ya karɓi baƙi, ya ba su masauki, ya haɗa su da masu saye, ya ɗauki la'adarsa. Ayarin gishiri na Kel Geres, masu tashi daga kudancin Adar da Gobir zuwa Bilma, shi ma bai taɓa shiga Tenere ba sai da madugu. Ba raƙumi ko jaki madugu ke sayar wa mutane ba. Sanin hanya ne jarinsa.

A Turai, wani Bature ɗan Ingila mai suna Tomas Kuk ne ya mai da abin kasuwanci na zamani. Ran 5 ga watan Yuli 1841 ya yi jinga da kamfanin jirgin ƙasa, ya kai mutum kusan 500 daga garin Lesta zuwa wani taro na masu yaƙi da shan giya a garin Lafbara, kowa ya biya sule guda zuwa da dawowa. Dabararsa ita ce har yau ake bi: a tara mutane da yawa, a yi ciniki sau ɗaya da sunansu duka, kowa ya sami sauƙi.

Mu a nan, galibi ta hanyar aikin hajji muka san ajans. Maniyyaci ya kai kuɗinsa, su kuma su nema masa biza, kujerar jirgi, masauki a Makka da Madina, da jagora. Mai shirya tafiyar hutu aikinsa ke nan, sai dai inda aka nufa ne ya bambanta.

TAMBAYA KAFIN SHAWARA

Mai shirya tafiya na kirki ba ya fara da faɗin farashi. Yana fara da tambaya. Mutum nawa ne? Shekarun yara nawa-nawa? Akwai tsoho, ko mai ciki, ko mai ciwon da ke shan magani kullum? Kwana nawa kuke da shi? Nawa kuka tanada, kuma a ciki nawa ne ba ku son a taɓa?

Kowace tambaya da dalilinta. A Disneyland na Faransa, yaron da bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga, daga shekara 3 zuwa 11 kuɗin yara ake biya masa, daga 12 kuwa kuɗin babba. Haka kuma ana auna tsawon yaro kafin a bar shi ya hau waɗansu lilo: wani sai ya kai mita 1 da santimita 2, wani sai mita 1 da santimita 20. Uban da ya yi wa ɗansa alkawarin hawa wani abu, aka je ƙofa aka mai da yaron saboda ya gaza da yatsa biyu, ya san abin da ake kira ɓacin rai. Mai shiri zai ce a auna yaran tun a gida, ya ware abin da kowa zai iya hawa, wani lokaci ma ya ce: ku dakata sai baɗi, ƙaramin zai fi jin daɗi.

Bayan haka sai lissafin rana. Kuɗin shiga ba ɗaya ba ne kullum: ranakun da makarantun Faransa ke hutu, da Asabar da Lahadi, tikiti ya fi tsada kuma layi ya fi tsawo. Wanda ya sauka a otel na cikin filin ana buɗe masa ƙofa kafin sauran jama'a, amma ɗakin ya fi tsada. Wanda ya sauka a waje ya rage kuɗin ɗaki, ya ƙara na jirgin ƙasa da gajiyar yara. Tun 2021 kuma, wanda ke son tsallake layi sai ya biya wani kuɗi na dabam bisa na shiga. Duk waɗannan, mai shiri ke jera wa maigida su a takarda, ya nuna masa ribar kowane da hasararsa, sa'an nan ya bar shi ya zaɓa. Har abin da ba a rubuta cikin talla ba yana faɗi: cewa a watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 5 a Pari, sanyi kuma yana kusan daskarar da ruwa, cewa Musulmi ya san tun da wuri inda zai sami abincin halal da inda zai yi salla.

TAKARDU

A nan ne mafi yawan tafiye-tafiye ke mutuwa tun ba a fita gida ba. Mai zuwa Faransa ko maƙwabtanta sai da biza. Tun watan Yuni 2024 kuɗin neman bizar babba ya koma yuro 90, wato kimanin jikka 59 na kuɗinmu, na yaro mai shekara 6 zuwa 12 kuma rabin haka. In an hana biza, kuɗin ba su dawowa. Ana kuma bukatar inshorar lafiya wadda za ta iya ɗaukar har yuro 30.000, da fasfo wanda zai ƙara aƙalla wata 3 da rai bayan ranar dawowa. Mai shiri na ƙwarai ba ya barin mutum ya sayi tikitin da ba a mai da kuɗinsa tun biza ba ta fito ba.

Ƙa'idodin kuma ba su zama wuri ɗaya. A watan Agusta 2023 jiragen Air France suka daina sauka Yamai, a watan Janairu 2024 aka rufe ofishin jakadancin Faransa. Iyakarmu da Najeriya an rufe ta a 2023, aka sāke buɗewa a watan Maris 2024. Ran 29 ga watan Janairu 2025 fitar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar CEDEAO ta tabbata. Wanda ya yi tafiya a 2022 ya ce zai ba ka shawara da abin da ya sani a lokacin, yana iya ɓatar da kai da zuciya ɗaya. Abin da ake biya wurin mai shiri shi ne labarin yau: ina ake kai takardu, ta wace ƙasa jirgi ke bi, me ake tambaya a kan iyaka cikin wannan wata. Ko Sakkwato ko Kano za ka kai yara kallo ta Ƙwanni da Illela, ka tambayi wannan kafin ka hau mota. Abu guda da ya yi sauƙi shi ne katin allurar shawara: tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai.

NAMU WURIN KALLO

Mai karatu zai ce: mu ina ruwanmu da Pari, mu da muke lissafin buhun hatsi? Gaskiya ne, ƙalilan ne cikinmu za su kai iyali can. Amma muna da namu wurin da ya haɗa wasa da ilimi cikin shinge guda, kuma yaron Takanamat yana da hakki a cikinsa kamar yaron Yamai. Shi ne Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda jama'a ke kira Muze, mai ɗauke da sunan marigayi Bubu Hama.

An buɗe shi a watan Disamba 1959, tun ƙasa ba ta sami mulkin kai ba, da ƙoƙarin Bubu Hama da wani masani mai suna Pablo Tuse. Filinsa ya kai eka 24, kusa da kogin Kwara da gadar Kenedi. A ciki akwai ɗakunan tufafin gargajiya da kayan kiɗa, da irin gidajen Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Abzinawa, da rumfunan maƙera, dukawa da masaƙa suna aiki a gaban mai kallo. Akwai namun daji: zaki, kura, dorina, kada, jimina. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu a ƙasarmu shekaru fiye da miliyan 100 da suka wuce, waɗanda aka tono a Gadufawa cikin jihar Agadas, har da wani kada mai tsawon kimanin mita 10. Akwai kuma Iccen Tenere, wanda ya daɗe shi kaɗai tsakiyar hamada yana nuna wa ayari hanya, har wata babbar mota ta kā da shi a 1973, aka ɗauko gangar jikinsa aka gina masa ɗaki. Yaron da ya karanta waɗannan cikin littafi ya zo ya tsaya a gabansu, ba zai sāke mantawa ba. Gani ya kori ji.

To, a ce malamin makaranta a Takanamat da ƙungiyar iyayen yara sun yi niyyar kai ƴan aji shida Muze. Me mai shiri zai yi musu?

Zai fara da ƙidayar kwana. Daga Tawa zuwa Yamai kimanin kilomita 550 ne, ta Badagishiri, Tsarnawa, Ƙwanni, Dogon Dutsi da Doso. Manyan motocin fasinja da asuba suke tashi, saboda haka tilas yara su kwana Tawa. Kwana ɗaya ke nan daga ƙauye zuwa Tawa, ɗaya zuwa Yamai, biyu na kallo, biyu na dawowa. Kallon kwana biyu ya zama tafiyar kwana shida, kuma ciyarwar kwana shida za a lissafa. Iyaye da yawa a nan suke kuskure: su tara kuɗin mota da na shiga, su manta da cewa yaro yana cin abinci a hanya ma.

Sa'an nan lokaci. Babban hutu yana faɗawa cikin damina, lokacin da yara ke gona, koramu ke yanke hanyoyin ƙauye, rumbu kuma ya yi ƙasa. Hutun ƙarshen Maris da farkon Afrilu yana zuwa da zafin da ke wuce awo 40, kuma lokacin sanƙarau ne. Hutun ƙarshen Disamba shi ya fi: an gama kaka, akwai ɗan abin hannu, rana ba ta da ƙarfi, sai dai a tanadi bargo da rigar sanyi saboda hunturu. Zai duba kuma inda azumi ya faɗa, tun da kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Zai tambayi ranakun da Muze ke buɗe da awoyinsa, da ko ana yi wa ƴan makaranta rangwame in an rubuta wasiƙa tun da wuri.

Sai takardu, domin ko cikin gida akwai su: izinin sufeton makarantu, yardar kowane uba a rubuce, jerin sunayen yara da sunan wanda za a kira in wani abu ya faru, katin shaida na manya saboda shingayen jandarma da ƴan sanda. Yara da yawa a karkara ba su da takardar haihuwa, kuma wadda alƙali ke bayarwa a madadinta ba ta fita rana ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga nan sai kuɗi, kashi biyar: mota, masauki, abinci, kuɗin shiga da na zirga-zirga cikin gari, da ajiyar ɓacin rana. Wannan na biyar, kamar kashi ɗaya cikin goma na jimla, ba a taɓa shi sai mota ta lalace ko yaro ya kwanta ciwo. In an dawo lafiya a mai da wa masu shi. Mai shiri zai yi ciniki da kamfanin mota bisa kujeru talatin a haɗe, ya nemi makaranta ko gidan wani ɗan Adar mazaunin Yamai inda yara za su kwana, ƴan mata da malama a ɗakinsu. Zai ce a raba yara ƙungiya-ƙungiya, kowace da babba guda, a ƙidaya su duk lokacin hawa da sauka, kowane yaro kuma a sa masa takarda cikin aljihu mai sunansa da lambar wayar malami. A cikin Muze zai ce a fara da dabbobi da safe tun suna da kuzari, a shiga ɗakuna in rana ta take, a bar rumfunan masu sana'a sai la'asar. Wannan tsari na awa-awa shi ne daidai abin da takwaransa na Amurka ke rubuta wa masu zuwa Fulorida.

WANDA YA IYA CEWA «KADA KU JE»

Bisa wannan hanya ta Doso zuwa Yamai, kilomita 60 kafin babban birni, akwai Kure, mazaunin raƙuman dawa na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma. A 1996 ba su wuce 50 ba. Da kariyar hukuma da haƙurin manoman wurin, a 2017 an ƙidaya fiye da 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai gandun Gadabeji cikin jihar Maradi. Jagororin Kure sun san cewa da damina dabbobin suna bisa tudu, da rani kuma suna gangarawa Dallol Boso cin ganyen gawo. Baƙon da ba shi da jagora sai ya wuni yana yawo bai ga ko ɗaya ba. Can kudu da Yamai kuma, kimanin kilomita 150, akwai gandun dajin W, wanda ya sami sunansa daga yadda Kwara ta tanƙware a wurin. An kafa shi a 1954, rabon Nijar a cikinsa eka 220.000 ne, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996. Shekaru da yawa nan ake zuwa ganin giwa, ɓauna da gwanki in rani ya tara su bakin ruwa.

Amma ran 9 ga watan Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban jagororin wurin. Cikin wannan shekara kuma aka kai hari a Tapowa, ƙofar gandun W. Mu mutanen arewacin Adar ba sai an ba mu labarin irin wannan ba, tun da a 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara, maƙwabtanmu.

A nan ake gane mai shiri na gaskiya. Kowane wuri da ya ƙara cikin tafiya, ribarsa ce ke ƙaruwa. In duk da haka ya je ya tambayi hukumomin tsaro da ma'aikatan gandun daji, ya dawo ya ce muku wannan wuri a bar shi sai wani jiƙon, to kun sami madugu. Wanda kuwa ya ce komi lafiya lau tun bai tambayi kowa ba, kuɗinku yake so. Uba ko malami yana da iko ya tambaye shi kai tsaye: yaushe rabonka da wurin, kuma wa ya ba ka labarin hanya cikin wannan mako?

WA KE BIYANSA?

Mai shiri ba don Allah kaɗai yake aiki ba, kuma babu laifi cikin haka. Hanya biyu yake samu. Ko dai ka biya shi ladan aikinsa kai tsaye, ko kuma otel, kamfanin jirgi ko wurin wasan su ba shi la'ada bisa kowane baƙo da ya kawo musu. Masu shirya tafiya zuwa Disneyland da yawa ba su karɓar komi daga hannun iyali, domin la'adarsu tana cikin farashin. Sai dai mai hankali ya san cewa wanda la'ada ke ciyar da shi yana iya karkata wajen wanda ya fi ba shi. Maganin abin shi ne ka ce ya kawo maka tsari biyu ko uku, mai tsada da mai sauƙi, ka kwatanta da kanka.

Girman suna ma ba ya hana faɗuwa. Kamfanin nan na Tomas Kuk, bayan shekara 178, ya karye a watan Satumba 2019, ya bar matafiya kusan 600.000 a ƙasashen waje. Waɗanda suke da cikakkun takardu da inshora an mai da su gida, da yawa kuma an biya su. A hajjin 2024 mutum fiye da 1.300 suka rasu cikin tsananin zafi, mafi yawansu waɗanda aka kai ba da izinin hajji ba, ba su da tanti ba su da mota. Gwamnatin Masar ta ƙwace lasisin kamfanoni 16 saboda haka. Araha ba ta ado.

Saboda haka, kafin ka miƙa ko dala ɗaya, ka duba waɗannan. Ajans tana da izinin ma'aikatar yawon buɗe ido, kuma takardar tana rataye inda kowa zai gani? In ta hajji ce ko umra, sunanta yana cikin waɗanda hukumar COHO ta amince da su? Tana da ofis da aka san shi, ko lambar waya ce kawai da hotuna a WhatsApp? An rubuta abin da kuɗinka suka ƙunsa da abin da ba su ƙunsa ba? In ka fasa, ko su suka fasa, nawa za a mai da maka, kuma cikin kwana nawa? Duk abin da ka biya, ka karɓi takardar shaida mai hatimi da sa hannu. Ka nemi kuma wanda ya taɓa tafiya da su ka ji ta bakinsa. Matambayi ba ya ɓata.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

A garuruwa irin su Takanamat babu ajans, kuma ba lalle ba ne a jira ta. Rabin aikin da muka zana a sama, karatu ne da rubutu da lissafi: jera sunaye, ƙidaya kwana, raba kuɗi kashi-kashi, rubuta wasiƙa, karanta yarjejeniya kafin a sa hannu. Duk wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci yana da wannan makami a hannunsa. Shi ya kamata ya riƙe littafin kuɗin tafiya, ya karanta wa iyaye abin da aka rubuta da babbar murya, domin kada a dangwala yatsa bisa abin da ba a sani ba. Sauran rabin, wato sanin hanya da masauki, ana samunsa wurin ajans ta gaskiya a Tawa ko Yamai, ko wurin ƴan gari mazauna can, waɗanda tun da daɗewa suke yi wa ƴan'uwansu aikin fatoma.

Ga magadan gari da sufetocin makarantu kuma, akwai abin da ke hannunsu wanda bai bukatar kuɗi mai yawa: su saukaka fitar takardun haihuwa tun farkon shekarar karatu, su ba da izini cikin lokaci, su haɗa makarantu biyu ko uku cikin mota guda domin kuɗi su ragu, kuma su riƙa faɗa wa jama'a gaskiyar halin hanya. In Yamai ta yi nisa a bana, tabkin Tabalak yana nan kilomita 50 daga Tawa da tsuntsayensa da masuntansa. In kuma gasar kokowa ta ƙasa, wadda aka fara a nan Tawa a 1975, ta zagayo kusa, ita ma abin kai yara ce. A fara da na kusa a koyi shiri, na nesa zai zo da sauƙi.

Iyayenmu sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Wanda ke da niyyar kai yara cikin hutun Disamba, tun watan Oktoba ya kamata ya buɗe littafinsa ya fara rubuta sunaye. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.